Anti Shafi Ɗaya

Ni na koya mata inda ake ɗora yatsu a kan kwamfuta. Ina so a san wannan tun kafin a ji sauran labarin, domin yanzu in ka tsaya a bakin titinmu ka tambayi inda ake buga sibi, wato takardar nan da mai neman aiki ke zayyana karatunsa da ayyukan da ya taɓa yi, ba wanda zai nuna maka inda shagona yake a da. Kowa sai ya miƙa hannu tsallaken titi ya ce ka je wurin Anti Shafi Ɗaya. Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, a gida Auta muke ce mata. Na girme ta da shekara tara, kuma ina jin ƙyashinta. Na daɗe ina laƙaba wa abin wasu sunaye, amma sunansa na gaskiya ke nan.

Tun muna yara ba a sa wa Auta ran karatu ba. Ni ne mai ƙwaƙwalwar gidan. Ni aka kai makarantar koyon aikin sakatare, ni na dawo da takardar shaida mai jan tambari, har Inna ta sa aka yi mata gilashi aka rataye a falo. Auta kuwa sau biyu tana faɗuwa jarrabawar gama sakandare, da aka zo na uku ta ce don Allah a bar ta haka. Abin da ta iya shi ne kallo. Baƙo zai zo ya tafi ba ta ce uffan ba, amma bayan fitarsa za ta gaya maka irin takalmin da ya sa, da kujerar da ya ƙi zama a kai. Inna takan ce idon yarinyar nan ya fi bakinta aiki, mu kuma mu yi dariya.

Daga baya ta samu aikin shara da goge-goge a wani kamfanin jigilar kaya. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana hawa bene na biyu da bokiti da tsumma. A cikin shekarun ta auri wani direba mai haƙuri, ta haifi 'ya'ya uku. In an tambaye ni sana'ar ƙanwata sai in ce tana aiki a ofis, in yi sauri in kawo wata maganar.

Ni kuwa a lokacin shagona na ci. Kwamfuta biyu, firinta, injin fotokwafi, fanka a sama, labule a ƙofa. Sibin da nake bugawa ba ya kasa shafi huɗu. Shafin farko bango ne, na kewaye shi da furanni, sunan mutum a tsakiya da haruffa masu lanƙwasa kamar na katin gayyata. Daga nan sai hoto, ranar haihuwa, tsawo, makarantar firamare, har muƙamin monita in mutum ya taɓa riƙewa, sannan abubuwan da yake sha'awa a lokacin hutu. In mutum ya karɓi takardarsa a hannuna sai ya ji ta da nauyi, ya san ya yi rayuwa. Har yau ban ce aikin ba shi da kyau ba.

Da kamfaninsu ya tattara ya koma wani gari, Auta ta zo ta same ni. Ta ce, "Yaya, ka koya mini wannan abin naka, ko na samu na riƙe kaina." Na karɓe ta saboda Inna ta sa baki. Wata shida ina fama da ita. Yatsunta sun saba da matse tsumma, in ta danna harafi ɗaya sai uku su fito. Amma ba ta fashi, ba ta ƙorafi, kuma in na yi mata tsawa sai ta ce to.

Ranar da muka ɓata, wata budurwa ce ta zo karɓar sibinta, tana neman aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti. Na buga mata shafi biyar, na miƙa wa Auta ta haɗa su ta sa a ambulan. Sai ta tsaya tana jujjuya su, ta ce a gaban yarinyar, "Yaya, wannan kwandon shara za ta."

Na ce, "Me kika ce?"

Ta ce, "Ba raina aikinka na yi ba, Yaya. Shekara goma sha ɗaya ni nake kwashe kwandon manajan da ke ɗaukar ma'aikata. Na san takardar da ake ajiyewa, na san wadda ake jefarwa. Da safe yake duba su, ina goge tagogi. Kofin shayi a hannun dama, takarda a hagu. Wallahi ban taɓa ganin ya ajiye kofin nan don ya juya shafi ba. Zai kurɓa sau ɗaya, ya kalli takardar, in bai ga abin da yake nema ba sai ya sake ta. Masu furanni ma su suka fi yawa a kwandon, har gida nake kawo wa yara su yi zane a bayansu."

Budurwar ta dube ni, ta dubi Auta. Kunya ta rufe ni, sai na mayar da ita faɗa. Na ce tsintsiya ba takardar shaida ba ce, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Auta ta gama sa takardun a ambulan, ta miƙa, ta ɗauki jakarta ta ce sai an jima. Ba ta sake dawowa shagon da sunan aiki ba.

Bayan wata biyu na ɗaga labule da safe na ga ana share ƙarƙashin matakalar benen da ke kallon shagona. Wuri ne da in ka miƙe tsaye sosai kanka zai bugi siminti. A nan ta ajiye tsohuwar kwamfuta, ƙaramin firinta, benci ɗaya, da wani kofin roba shuɗi. Duk faɗin garin nan ba ta samu wuri ba sai daidai ƙofata. Ta ce wai nan ne kawai ta samu. Ni ban yarda ba a lokacin, yanzu ma rabi na yarda.

Kofin nan shi ne dukan sirrinta. In mutum ya zo da tsohon sibinsa, ba ta fara taɓa kwamfuta. Sai ta cika kofin da ruwa har baki, ta ba shi ya riƙe a hannu ɗaya, takardarsa a ɗayan, ta ce, "Kai ne manaja yanzu. Zan ƙirga goma, kada ka ajiye, kada ka zubar." In ta kai goma sai ta zare takardar ta tambaye shi abin da ya gani. Yawanci sai mutum ya ce ya ga sunansa da ranar haihuwarsa. Sai ta ce, "To, ranar haihuwa suke nema?"

Daga nan take fara yanka. Suna da lambar waya a can sama, inda ido ke fara sauka. Aikin da mutum ya yi na baya-bayan nan shi ne farko, ba na shekara ashirin da suka wuce ba. Salon harafi ɗaya tun daga sama har ƙasa, kanun magana kaɗai take ba kauri. Shekaru duk a jere a gefe guda, yadda ido zai gangara a kansu ba tuntuɓe. Ba ta yarda da dogon sakin layi, ba ta yarda mutum ya ce shi mai ƙwazo ne da gaskiya. Takan ce kowa ma haka yake cewa, ka faɗi abin da hannunka ya yi, da yawansa. Kuma tana barin fili a takarda, fari tas, abin da ni a wurina asarar takarda ne. In mutum ya roƙa a ƙara masa shafi sai ta ce sai dai in ya kai shekara goma yana aiki, shi ma na biyun kada ya sa ran za a karanta. Haka sunan ya bi ta.

Ta bayan labule nake kallon duk wannan. Da fari mutum biyu uku a rana. Sai budurwar nan ta asibiti ta dawo sanye da farar riga, ta tsallake shagona kamar ba ta taɓa shiga ba, ta je ta rungume Auta a bakin matakala. Daga nan bencin ya daina isa. Nakan tsinci kaina ina ƙirga kawunan da ke zaune a can, in waiwayo in dubi kujeruna. Maƙwabcina mai gyaran agogo, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya taɓa leƙowa ya ce, "Malam, wuyanka zai ƙage fa. Ko in kawo maka madubi ka riƙa kallonta a zaune?" Na ce iska nake sha. Ya ce hassada ga mai rabo taki ce, ya koma kan agogunansa yana dariya.

Abin da ya fi ci mini rai ba baƙi ba ne. Inna ce, wadda in ta zo unguwar a da a shagona take zama ƙarƙashin fanka, yanzu sai ta gaishe ni a tsaye ta ce bari ta leƙa Auta, ta je ta zauna a wancan ramin har la'asar tana kallon mutane suna rawar hannu da kofi. Sai kuma 'yata ta fari. Shekara guda da rabi tana yawo da sibin da na buga mata da hannuna, shafi huɗu, a takarda mai sheƙi. Wata rana ta shigo gida tana tsalle an kira ta ganawa, kuma an ɗauke ta. Ina cikin yi wa Allah godiya na ga kwafin abin da ta kai a kan tebur. Shafi ɗaya ne, ba fure ko ɗaya. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, Goggo ce ta ɗan gyara mini." Na ce rabo ne ya rantse, ko a bayan kwali ta rubuta za a ɗauke ta. Ranar ban iya cin abinci ba.

Shekara uku muna haka. Muna gaisawa, muna haɗuwa a gidan Inna, amma ban taɓa tsallaka titin nan ba. Sai mai ginin da shagona yake ya sayar, sabon mai shi ya ce zai mayar da layin duka ɗakin ajiyar kaya, ya ba mu wata uku mu tashi. Ga shekara hamsin da biyu a kaina, ga masu zuwa sun ƙare, ba ni da ƙarfin fara sabon shago a wata unguwa. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ana cikin haka mai gyaran agogo ya kawo mini labarin wata cibiyar koyon sana'a da ke neman malamin da zai koya wa matasa buga kwamfuta. Mutum ɗaya za a ɗauka, kuma ranar Alhamis za a rufe karɓar takardu.

Na zauna na buga wa kaina sibin da ban taɓa buga wa kowa irinsa ba. Shafi bakwai. Da na kai gida matata ta auna shi a tafin hannu ta ce, "Ka kai wa Auta ta duba mana." Na ce in mutu in tashi. Ta ce, "To, girman kai dai rawanin tsiya ne, kuma ba shi zai ciyar da mu ba."

Ranar Laraba da hantsi na saki labule, na tabbatar mai gyaran agogo ba ya leƙe. Na cika kofi da ruwa, na riƙe a dama, sibina a hagu, na ƙirga goma. Na ga furanni, na ga sunana, na ga hotona da na ɗauka ina da sauran gashi. Na yi ƙoƙarin juya shafi da babban yatsa, ruwan ya zube mini a wando. Na daɗe a tsaye ina kallon jiƙaƙƙen wandon. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na jira ya ɗan bushe, na ɗauki takarduna na tsallaka titi.

Da ta gan ni ta miƙe da sauri har kanta ya bugi matakala. Ta ce, "Yaya, lafiya? Inna ce?" Na ce lafiya lau, wata 'yar takarda ce nake so ta ɗan duba, ba wai don wani abu ba. Ta roƙi mutanen da ke benci su ba ta rabin awa. Ba ta miƙo mini kofin ba, ta ma tura shi bayan firinta, kuma na lura da hakan.

Ta karanta shafi bakwai ɗin duka, a hankali, tana bin layi da yatsa. Sannan ta ɗauki jan biro. Bango ya tafi. Hoto ya tafi. Firamare, kyautar da na ci a gasar rubutu, sunayen injinan da aka daina ƙerawa tun kafin a haifi waɗanda zan koyar, duk ta ja musu layi. Kowane layi kamar a fatata take jan sa. Da ta zo kan takardar shaidar nan ta falon Inna na riƙe numfashi, sai ta bar ta, amma a layi ɗaya, can ƙasa.

A shafi na shida ta tsaya. A nan na jera sunayen waɗanda suka koyi aiki a hannuna tun buɗe shagon. Ta ce, "Yaya, malami suke nema, ka kai wannan shafi na shida? Ai wannan shi ne kai." Ta juya ga kwamfuta, ta buga sunana da lambar wayata, a ƙarƙashinsu kuma ta rubuta cewa na shekara ashirin da shida ina wannan sana'a, na koya wa mutum ashirin da uku, goma sha ɗaya daga cikinsu suna da shagon kansu.

Na ce, "Ashirin da biyu ne. Goma ke da shago. Ki ƙirga sunayen."

Ta ce, "Na ƙirga."

"To?"

Ba ta ɗago daga kwamfutar ba. Ta ce, "Ni fa, Yaya?"

Ba mantuwa na yi ba. Lokacin da nake jera sunayen na zo kan nata, na tsallake shi da gangan, har na ji wani ɗan sanyi a raina. Ta san haka, ni ma na san ta sani. Ta ci gaba da bugawa da yatsun nan da na sha yi wa tsawa, yanzu ko kallonsu ba ta yi. Da takardar ta fito ta miƙo mini da hannu biyu. Duk rayuwata a shafi ɗaya, har da sauran fili. Na so in samu kuskure ko na waƙafi ne, ban samu ba.

Bayan mako biyu aka kira ni. Shugabar cibiyar wata dattijuwa ce mai tabarau, tarin takardu a gabanta, waya a hannu ɗaya tana ta ƙara. Ta zaro tawa da ɗayan hannun, ta yi mini tambayoyi kan yadda nake fara koya wa wanda bai taɓa taɓa kwamfuta ba, na amsa yadda na sani. Sai ta ɗaga takardar ta ce, "Malam, kai ka tsara wannan?"

Malamin buga kwamfuta nake neman zama. In na ce wani ya tsara mini, me za ta ɗauke ni? In na ce ni ne, ba wanda zai ƙaryata, Auta kuwa ko a mafarki ba za ta tona ba. Kalmar tana bakina, ta ma kusa fita. Sai idona ya sauka a kan layin nan na sama.

Na ce, "A'a, ranki ya daɗe. Ƙanwata ce. Ita ce ta ashirin da ukun."

Ta ajiye wayar. Ta ce shekara biyu ke nan suna ganin takardu masu irin wannan tsari suna shigo musu, har suna tambayar juna daga ina suke fitowa. Ta ce, "Ashe kai ka koya mata."

Na ce, "Buga kwamfuta na koya mata. Wannan kuwa ba a wurina ta samo ba." Ban taɓa faɗin magana mai ɗaci irin wannan ba, kuma a gaban baƙuwa.

An ɗauke ni. Amma kafin in kai ƙofa shugabar ta ce tana da roƙo ɗaya: ko ƙanwar tawa za ta yarda ta riƙa zuwa sau ɗaya a wata tana nuna wa ɗalibai yadda ake tsara sibi? Aikina na farko a cibiyar shi ne buga wasiƙar gayyatar Auta. Na buga ta a shafi ɗaya, na kai mata da kaina.

Yanzu shekara biyu ke nan. Ajina na da ɗalibai goma sha takwas, amma ranar da Anti Shafi Ɗaya za ta zo sai an ɗebo kujeru daga wasu azuzuwa, har masu koyon ɗinki da walda suna tsaye a taga. Takan zo da kofinta shuɗi a jaka, ni nake zuwa famfo in ciko shi. Ƙyashin bai tafi ba, kada in yi muku ƙarya. In na ji ana tafa mata sai in ji ya sake motsawa. Shi ya sa duk ranar da zan gabatar da ita nakan ce wa yaran, "Wannan da kuke gani, ni na koya mata inda ake ɗora yatsu."

Kullum ina jira ta ce wani abu, ko ta yi murmushin da zai ba ni dalilin yin fushi. Sai ta karɓi kofin da hannu biyu ta ce, "Haka ne, Yaya."